Yadda Ake Raba Wa 'Yan Haya Rumbun Ajiya na S3 Ba Tare da Rigima Ba

Tun da muka fara ba makarantu da ƙananan kamfanoni hayar wurin ajiyar bayanai a nan Kaduna, tambaya ɗaya abokan sana'a ke ta maimaita min, wani ta waya, wani ya tare ni a bakin masallaci bayan an idar da Juma'a: "Injiniya, na kafa Ceph, yana tafiya lafiya, to yaya zan zuba mutum goma a ciki, kowa da nasa, ba tare da sun taka juna ba?" Na gaji da zana wa mutane amsa a bayan takardar rasit, shi ya sa na zauna na jera matakan yadda nake bin su.

Wanda ya taɓa zama gidan haya a Tudun Wada ko Unguwar Sanusi ya riga ya san rabin aikin nan. Ya san inda faɗa ke tashi: rabon kuɗin wuta, layin famfo, wanda ya cika tsakar gida da kayansa, wanda ya tashi bai mayar da makulli ba. Duk waɗannan kafin a ba mutum ɗaki ake yanke su. Idan ya riga ya shimfiɗa katifa, magana ta zama roƙo.

Misalaina na Ceph ne, wato manhajar da ke haɗa faifan kwamfutoci da yawa su zama rumbun ajiya ɗaya, da ƙofarsa da ake kira radosgw mai jin yaren S3, yaren da manhajoji ke ajiye fayiloli da ɗauko su ta intanet da shi, domin da shi nake aiki kullum. Mai amfani da MinIO ko OpenStack Swift zai ga umarnin ya bambanta, amma jerin matakan ɗaya ne. Bokiti a nan shi ne akwatin da ɗan haya ke zuba fayilolinsa, haka ma masu abin suke kiran sa. Abin da za ka tanada kafin ka fara: sabobi (manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanan) aƙalla uku, faifan SSD, wato mai sauri marar juyawa, ko da ƙanana ne a kowace saba, sunan yanki (adireshin intanet) naka na kanka, inbata da janareta da ka yarda da su, da manhajoji biyu na gwaji, rclone da aws-cli.

1. Lissafa abin da za ka iya sayarwa

Nan ne kusan kowa ke faɗuwa, kuma faɗuwar ba ta bayyana sai bayan wata shida. Mutum ya sayi faifai 12 masu terabait 8, ya raba su huɗu-huɗu a sabobi uku, ya buga lissafi ya ce yana da terabait 96 na sayarwa. Ba shi da su.

Da farko, masu ƙera faifai da dubu suke ƙirgawa, kwamfuta kuma da 1,024, don haka faifan terabait 8 zai nuna maka kusan 7.3. Goma sha biyu sun zama kusan 87. Na biyu, Ceph kwafi uku yake ajiyewa na kowane abu idan ba ka canza masa ba, sai a raba 87 gida uku, saura 29. Na uku, yana fara kuka idan faifai ya kai kashi 85 cikin ɗari, ya daina kwashe bayanai zuwa faifan da ya kai kashi 90, a kashi 95 kuma ya rufe rubutu gaba ɗaya, ga kowa da kowa, har wanda ya biya kuɗinsa cif.

Saura ɗaya da ba a cika tunawa da shi ba. Da sabobi uku da kwafi uku, kowace saba tana riƙe da kwafi ɗaya. Idan faifai ɗaya ya mutu, kayansa ba su da wurin zuwa sai sauran ukun da ke cikin wannan sabar. Kenan dole ukun su iya ɗaukar kayan huɗu ba tare da sun haye kashi 85 ba. Idan ka buga, cikar da za ka yarda da ita ba ta wuce kashi 64 ba. Terabait 29 sun dawo 18 da ɗoriya. Wannan 18 ɗin shi ne hajarka. Rubuta shi a allo a ofis, kowa ya gani, musamman mai nemo muku kwastoma.

Hattara: za ka ji ana yabon tsarin da ke yanka fayil gutsure huɗu ya ƙara biyu na gyara, wanda ninki ɗaya da rabi kawai yake ci maimakon uku. Gaskiya ne yana da arha, amma sai kana da sabobi shida aƙalla, bakwai ma ya fi, kuma ba ya son ƙananan fayiloli. Fayil mai kilobait ɗaya zai kama gurbi shida masu kilobait 4, wato 24. Idan 'yan hayarka masu miliyoyin ƙananan takardu ne, ribar ta tafi.

Rijistar da ke riƙe jerin sunayen abubuwan da ke cikin bokiti, ka ɗora ta a kan SSD tun ranar farko. Idan ka bar ta a faifai mai juyawa, ranar da wani ya tara fayil miliyan uku ya nemi a jera masa su, kowa zai ji a jikinsa.

2. Ƙofa, suna da agogo

Ka ba ƙofar suna ɗaya da ba za ka canza ba, kamar s3.kamfaninka.ng, ka kuma nuna *.s3.kamfaninka.ng zuwa wuri ɗaya, saboda manhajoji da yawa sunan bokiti suke mannawa a gaban sunan yanki. Takardar shaidar tsaro ta https ma mai tauraro (*) za ka nema. Cibiyar Let's Encrypt na bayarwa kyauta, tana ƙarewa bayan kwana 90, kuma mai tauraro sai an tabbatar da ita ta hanyar DNS, wato rijistar sunayen yanki. Sa sabuntawar ta zama ta atomatik, sannan ka sa wa kanka tunatarwa a waya duk da haka.

Hattara: S3 ya yarda sunan bokiti ya kasance haruffa 3 zuwa 63, ƙanana, da lambobi, da karan ɗori, da ɗigo. Ka hana ɗigon. Tauraron takardar shaida mataki ɗaya kawai yake rufewa, bokiti mai suna hotuna.biki zai riƙa jawo kuskuren tsaro, ɗan haya kuma kai zai kira.

Sai agogo. Sa hannun da ke kan kowace buƙatar S3 yana ɗauke da lokaci, kuma idan agogon mai aikowa ya saɓa da naka fiye da minti 15, za a ƙi buƙatar da saƙon RequestTimeTooSkewed. A garin da wuta ke ɗaukewa tana dawowa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na taɓa ɓata yini guda a kan na'urar kyamarori ta wani shago a wajen Kawo, na canza makulli sau biyu, na zargi layin intanet, ashe ƙaramin batirin agogon cikinta ne ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai ta koma wata tsohuwar shekara. Sa chrony, manhajar daidaita agogo, a duk sabobinka. Su kansu masu sa idon Ceph, saɓanin da ya wuce kashi 5 cikin ɗari na daƙiƙa ya isa su fara gargaɗi.

3. Buɗe wa ɗan haya nasa sashen

Kada ka ƙirƙiri masu amfani haka kawai a fili ɗaya. Idan ka yi haka, duk sunayen bokiti wuri guda suke zama, wanda ya riga kama "hotuna" ya kama, na biyu kuma zai gane akwai wani a gidan. Kowane ɗan haya a ba shi sashensa:

`radosgw-admin user create --tenant=makaranta01 --uid=babba --display-name="Makaranta 01" --max-buckets=20`

Sunan sashe haruffa da lambobi da layin ƙasa kawai yake karɓa. Ni ba na sa ainihin sunan kwastoma a ciki, saboda sunan yana fitowa a adireshin duk abin da aka buɗe wa jama'a, kuma kamfani na iya canza suna. Lamba nake bayarwa, in ajiye fassararta a rijistar ofis. Yawan bokitin da mutum zai iya buɗewa, idan ka yi shiru, 1,000 ne. Babu makarantar da ke buƙatar haka. Ashirin sun isa, wanda ya nemi ƙari ya yi magana.

Daga nan cikakken sunansa ya zama makaranta01$babba. Wannan alamar dalar ta sha kayar da mutane: idan ka rubuta ba ka rufe ta da alamar zance guda-guda ba, bash, manhajar da ke karɓar umarninka, zai ɗauki abin da ke bayan dalar a matsayin gurbin da zai cike da kansa ya haɗiye rabin sunan, a ce maka babu mai wannan suna. Kullum haka: `--uid='makaranta01$babba'`.

Abin da ya fi muhimmanci a matakin nan: iyakar wuri a Ceph kan mai amfani take hawa, ba kan sashe ba. Idan ka buɗe wa kamfani ɗaya mutum biyar kowa yana ƙirƙirar bokitinsa, iyaka biyar za ka riƙa bi. Shi ya sa nake yin "babba" guda, shi ne mai duk bokitai, sauran kuma a buɗe su da `--max-buckets=-1` don kada su iya ƙirƙirar nasu, a ba su izinin shiga na babban. Duk abin da suka zuba, a kansa ake ƙirgawa. Daga fitowar Ceph mai suna Squid ta 2024 akwai tsarin asusu da ke haɗa mutane da yawa ƙarƙashin iyaka ɗaya, wanda ke kan wannan fitowar ko sama da ita yana iya bin ta nan. Wanda ke kan tsohuwa, dabarar babba ɗaya ta ishe shi.

4. Sa iyaka kafin ka miƙa makulli

Umarni biyu ne, kuma na biyun ake mantawa:

`radosgw-admin quota set --quota-scope=user --uid='makaranta01$babba' --max-size=500G --max-objects=2000000`

`radosgw-admin quota enable --quota-scope=user --uid='makaranta01$babba'`

Na farko rubuta iyakar kawai yake yi. Sai na biyu take fara aiki. Duba da `user info`, ka ga inda aka rubuta enabled ya zama true da idonka.

Ni wannan darasin da kuɗina na saye shi. Wata makaranta ce ta karɓi gigabait 500 don ajiye sakamakon jarrabawa da takardun ɗalibai. Na sa iyaka, ban kunna ba. Bayan 'yan makonni wanda ya haɗa musu kyamarorin tsaro ya ga akwai wurin ajiya, ya juya bidiyon kyamara goma sha shida zuwa can, dare da rana. Ban farga ba sai da gargaɗin kashi 85 ya tashe ni wajen ƙarfe biyu na dare. Da safe na je wurin mai makarantar, na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ke ciki ya ninka abin da muka yi magana sau takwas." Ya dube ni ya ce, "To Malam, da ka san ɗakin na da iyaka me ya hana ka sa masa ƙofa?" Ban sami abin cewa ba, don gaskiyarsa ce. Ban karɓi ko sisi a kan ƙarin ba.

Iyakar yawan fayiloli ma ka sa ta, kada ka tsaya ga nauyi. Fayil miliyan hamsin masu kilobait biyu-biyu ba su da nauyi a sikeli, amma za su gajiyar da rijistar SSD ɗinka.

Hattara: ƙididdigar iyaka ba nan take take sabuntuwa ba, musamman idan ƙofofinka sun fi ɗaya. Mai zubawa da gudu zai iya ɗan haye layi kafin a tsayar da shi da QuotaExceeded. Kada jimillar iyakokin da ka raba ta kai daidai da hajarka, bar rata.

Akwai kuma iyakar gudu, wadda ta shigo tun fitowar Quincy ta 2022, da `ratelimit set` da `ratelimit enable`. Da ita ake hana mutum ɗaya shanye layin famfo. A minti ake ƙirga ta, kuma kowace ƙofa nata take ƙirgawa daban, don haka idan ƙofofinka biyu ne, raba adadin da kake nufi gida biyu.

5. Makullai

Kowane mai amfani yana da makulli biyu, na fili da na sirri. Dokata a nan gajera ce: kowace manhaja da nata. Na'urar kyamara daban, manhajar lissafin kuɗi daban, shafin intanet daban. Ranar da ɗaya ya fita, shi kaɗai za ka kashe.

Makullin babba ba ya shiga kowace na'ura. Don ba ƙaramin mai amfani izini, ƙa'idar bokiti ake rubutawa, a ambace shi da `arn:aws:iam::makaranta01:user/kyamara`, a ba shi abin da yake buƙata kawai. Kyamara rubutu take yi, `s3:PutObject` ya ishe ta. Ba ta da dalilin gogewa, kuma ɓarawon da ya ɗauke na'urar bai kamata ya iya share bidiyon da ya nuna fuskarsa ba.

Kada ka tura makullin sirri ta WhatsApp. Na san kowa na yi, na san za a ce maka "turo min kawai, Injiniya, sauri nake". Wayar nan za ta je wurin mai gyara, za a tura saƙon cikin rukunin ma'aikata, ma'aikacin zai bar aiki da shi a aljihu. Ko ka je ka sa da hannunka, ko ka yi amfani da mahaɗin da ke buɗuwa sau ɗaya ya mutu.

Wajen canza makulli, jerin shi ne: ƙirƙiri sabo da `key create`, a sa shi a manhajar, a gwada, sannan a cire tsohon da `key rm`. Mai amfani ɗaya na iya riƙe tsohon makulli da sabo a lokaci guda, don haka babu dalilin katse wa kowa aiki.

Sai maganar buɗe bokiti ga jama'a. Wani mai ɗaukar hoton biki zai ce yana so amarya da danginta su sauke hotunansu, a buɗe kawai. Kada ka yarda. Koya masa mahaɗi mai wa'adi, wanda `aws s3 presign` ke fitarwa, mafi tsawonsa kwana 7. Bokitin da aka buɗe wa duniya da izinin jerawa, duk wanda ya samu adireshin zai ga hotunan bikin kowa. Idan kuma takardun asibiti ne ko na ɗalibai, maganar ta wuce kunya ta zama ta shari'a. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙon bayanai a madadin wani ya sanar da mai su idan an samu ɓaraka, shi kuma mai su yana da awa 72 ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Kai ne mai riƙon. Sa wannan a yarjejeniya, da lambar wanda za ka kira.

6. Tsoffin kwafi da shara

Ajiye tsoffin kwafi abu ne mai kyau: idan ma'aikaci ya goge fayil bisa kuskure, ko ƙwayar cutar neman fansa ta rubuta shirme a kansa, na jiya yana nan. Amma ka gaya wa ɗan haya abu biyu kafin a kunna. Idan an kunna ba a kashewa, sai dai a dakatar, abin da ya taru kuma yana nan. Sannan kowane tsohon kwafi yana cin wuri cikin iyakarsa. Mai manhajar da ke sake rubuta fayil mai gigabait 10 kowane dare, a wata ɗaya ya tara 300, alhali idan ya leƙa bokitin fayil ɗaya tal zai gani. Zai rantse maka sikelinka ne ya lalace.

Akwai wata sharar da ta fi wannan ɓuya. Manyan fayiloli gunduwa-gunduwa ake ɗora su, kowace gunduwa aƙalla megabait 5, har gunduwa 10,000. Idan layi ya yanke a tsakiya, gunduwoyin da suka riga isa suna nan zaune, ba sa fitowa a jeri, amma suna cin wuri. Da irin yankewar layi da ɗaukewar wutar da muke fama da su, wannan sharar taruwa take kamar leda a kwata.

Maganin duka biyu dokar shara ce, kuma ni ba na barin bokiti ya kwana ba ita. A cikin fayil ɗin dokar ka sa `AbortIncompleteMultipartUpload` na kwana 7, da `NoncurrentVersionExpiration` na kwana 30 ko abin da kuka yi yarjejeniya, sannan:

`aws --endpoint-url https://s3.kamfaninka.ng s3api put-bucket-lifecycle-configuration --bucket hotuna --lifecycle-configuration file://shara.json`

Kada ka tsaya jiran ganin sakamako nan take. Mai sharar Ceph daga sha biyun dare zuwa shida na safe yake aiki idan ba ka canza masa lokaci ba, `radosgw-admin lc list` zai nuna maka inda ya kwana. Ko abin da aka goge ma, wurinsa ba ya dawowa sai bayan awa biyu aƙalla.

Hattara: dokar `Expiration` ta ainihin fayiloli gogewa take yi ba tambaya. Idan ka bar gurbin tacewa fanko, duk bokitin ta shafa. Gwada a bokitin wasa tukuna.

Kulle fayil kuma, wanda ke hana gogewa har wa'adi ya cika, iri biyu ne. Mai sassauci, wanda mai izini na musamman zai iya ɗagewa, da mai tsauri, wanda ko mai bokitin ba zai iya taɓawa ta hanyar S3 ba. Kada ka bar kowa ya kunna mai tsaurin ba ku zauna ba. Wanda ya kulle terabait biyu na shekara bakwai, ya biya hayar wata uku ya ɓace, ya bar maka aiki.

7. Shigo da kayansa

Buga lissafi kafin ka yi alkawari. Terabait ɗaya a kan layi mai megabit 100, idan layin bai yi tari ko sau ɗaya ba, awa 22 ne. A kan megabit 20, kwana huɗu da rabi da ɗoriya. Idan kayan sun wuce terabait biyu kuma mutumin yana cikin gari, ko Barnawa ne ko Mando, na fi son in aika yaro da faifan waje a kwafo, a kawo ɗakin sabobi a zuba ta layin cikin gida. Ɗan sahu ya fi faiba gudu a irin wannan. Faifan dai a kulle shi da kalmar sirri kafin ya bar ofishinsu.

Da rclone, `copy` za ka yi amfani da shi, ba `sync` ba. Shi `sync` yana goge duk abin da ke wurin zuwa wanda babu shi a wurin tashi, kuma idan ka juya adireshin biyu bisa kuskure, da bokiti fanko za ka share wa mutum faifansa. Fara da `--dry-run`, ka karanta abin da ya ce zai yi. Idan ta intanet ne, `--bwlimit "08:00,5M 18:00,off"` zai rage gudu lokacin aiki ya sake shi da yamma. Lura, 5M ɗin nan megabait ne a daƙiƙa, wato kusan megabit 40. An gama, `rclone check`, ka aika wa ɗan haya sakamakon a rubuce kafin ya goge nasa na asali.

8. Awo da kuɗi

Rijistar amfani a kashe take zuwa. Kunna ta tun kafin ɗan haya na farko ya shigo, don ba ta ƙirga abin da ya wuce:

`ceph config set client.rgw rgw_enable_usage_log true`

`usage show` zai ba ka abin da ya shiga, abin da ya fita, da yawan buƙatu. Ba ya gaya maka nauyin abin da ke ajiye. Wannan sai `user stats --sync-stats`. Ka sa a ɗauke shi kowane dare a ajiye, ƙarshen wata ka fitar da matsakaici. Idan ranar 30 kawai kake aunawa, mai wayo zai kwashe ranar 29 ya dawo da su ranar 1.

Farashi kuwa, haɗa kuɗin injuna a raba wata 36, da dizal, da wuta, da layin intanet, da albashi, da faifan ko-ta-kwana, sannan a raba da hajarka ta mataki na ɗaya. A ce, don misali kawai, jimillar wata ta kama naira miliyan 2. Wanda ya raba da 96 zai ga terabait ya tsaya masa kusan naira 21,000, ya sa 40,000 yana murna. Wanda ya raba da 18 zai ga gaskiyar ta haura 110,000. Kada ka manta harajin VAT na kashi 7.5.

Za a ce maka Amazon ya fi arha. A yankinsu na Bajiniya da ke Amurka gigabait ɗaya na ajiyar yau da kullum kusan santi 2.3 ne a wata, wato wajen dala 23 kan terabait, amma fitar da kaya zuwa intanet kusan santi 9 ne kowane gigabait, kuma da dala ake biya. Kai abin da kake sayarwa shi ne biya da naira, kaya a kusa, da mutumin da za a kira ya ɗauka. Ni na fi son kunshin wata mai tsayayyen farashi, da adadin fitarwa kyauta a ciki, don 'yan kasuwarmu ba sa son takardar kuɗi mai canza fuska kowane wata. A kashi 80 na iyakarsa ka aika masa saƙo, kada ya fara ji daga bakin manhajarsa.

9. Kwafi na biyu a wani wuri

Kwafi uku a ɗaki ɗaya maganin mutuwar faifai ne kawai. Gobara, ko tsawar damina da ta bi ta waya, ko na'urar sanyaya ɗaki da ta tsaya a zafin Afrilu, duka ukun za ta haɗa. Wanda kayansa ke da muhimmanci ka sayar masa da kwafi a wani gari, Zariya ko Abuja, a matsayin ƙari mai kuɗinsa daban. Ka fayyace masa cewa madubi ne: abin da ya goge a nan zai gogu a can, sai in akwai tsoffin kwafi. Duk wata uku ka zaɓi fayil ka dawo da shi daga can a gabansa. Lokacin hunturu kuma ka riƙa duba matatar iskar sabobin duk mako, ƙurar Kaduna ba ta jin kunyar kowa.

10. Ranar tashi

Ko ya daina biya, ko ya samu wani wuri, jerin ɗaya ne, kuma tun a yarjejeniya ake rubuta kwanakin. Ka sanar da shi a rubuce. Ka mayar da izininsa na karatu kawai, ya kwashe kayansa. Wa'adi ya cika, `radosgw-admin user suspend` ga babba da duk ƙananan. Dakatarwa ba ta taɓa ko fayil ɗaya, `user enable` zai dawo da komai yadda yake. Ni kwana 30 nake bari a haka, domin a cikin kwanakin nan ne akawun kamfanin ke tunawa akwai takardun bara da bai sauke ba, ya kira yana "don Allah Malam, a taimaka".

Bayan nan ne kawai za ka buga `user rm` da `--purge-data`. Wannan ba shi da gyara. Kafin ka danna, buga `bucket list` da sunansa ka karanta, ka tabbatar sashen da kake nufi ne, makaranta01 ba makaranta10 ba, ka sa abokin aiki ya karanta sunan da babbar murya. Cire ƙananan masu amfanin da ke sashen, goge makullansu daga rijistar ofis, share kwafin da ke ɗaya garin idan ba madubi ba ne, sannan ka ba shi takarda mai kwanan wata cewa an goge. Lambar sashen kuma ka yi mata ritaya, kada ka sake ba wani, domin akwai yiwuwar wata tsohuwar na'urar kyamara a wani lungu tana nan tana ƙwanƙwasa ƙofa da sunan.